Gonar bene ko naman tanki: wanne ya cancanci a zuba masa kuɗi don gudun yunwa?

A ranar 1 ga Yuni, 2022, Malesiya ta dakatar da fitar da kaji zuwa waje, saboda tsadar abincin kaji ta jawo ƙamfa a nata kasuwannin. Maƙwabciyarta Singafo ce ta fi jin jiki, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na kajin da take ci daga can ake shigo da su, da ransu, a yanka a cikin birni. Singafo tsibiri ne da bai kai murabba'in kilomita 750 ba, mutanensa kusan miliyan 6, filin noma kuwa kashi 1 ne cikin 100 na ƙasar. Sama da kashi 90 cikin 100 na abin da ake ci a can sayowa ake yi. Amma akwai kuɗi, wuta ba ta ɗaukewa, jami'o'i cike suke da masana. Idan akwai wurin da sababbin dabarun samar da abinci za su nuna kansu, to can ne, kuma ƙasar ta gwada manyan biyun da ake ta yayatawa: noman cikin gini hawa-hawa da hasken fitila, wanda zan kira gonar bene, da naman da ake raino daga ƙwayoyin halittar dabba a cikin tankin ƙarfe ba tare da an kiwata dabbar ba.

Maganar ta daina zama labarin nesa. Ana kawo wa masu jari takardun neman kuɗi a kan irin waɗannan ayyuka, ana nuna wa jami'an ma'aikatun gona hotunansu a taruka, ɗalibai kuma suna tambayar wanne za su karanta. Ra'ayina tun farko shi ne: gonar bene tana aiki yau, sai dai abin da take nomawa ba shi ne ke ƙosar da mutum ba. Naman tanki ya nufi abin da mutane ke buƙata, sai dai har yanzu ba a iya yin sa da yawa ba. Wanda aka tilasta wa zaɓi ya ɗauki na farko, amma ba a siffar da ake tallata shi ba.

Gonar bene

Wanda zai shiga irin wannan gona sai ya tuɓe takalminsa ya sa na wurin, ya sa farar riga da hular raga, ya wanke hannu, wani wurin ma sai iska ta kakkaɓe shi a wani ɗan ɗaki kafin ƙofar ciki ta buɗe. Babu taga. Kantoci ne jere har rufi, kowace kanta da faranti cike da latas, a samansa fitilun LED masu haske ja da shuɗi. Idan ka ɗaga faranti ɗaya za ka ga saiwoyi farare tas suna reto cikin ruwan da aka narka takin zamani a ciki, babu ko ƙwayar ƙasa. Ruwan da ganye ya fitar a iska ma na'urar sanyaya ɗaki ce ke kama shi ta mayar cikin tanki. Shi ya sa kamfanonin ke cewa suna rage ruwa da kashi 90 zuwa 95 cikin 100 idan aka kwatanta da gonar fili, kuma a wannan ba su yi ƙarya ba. Ba fari, ba ambaliya, ba fara, ba feshin maganin ƙwari, ana girbi kowace rana ta shekara.

Farfesa Dickson Despommier na Jami'ar Kolambiya a Amurka shi ya yayata tunanin tun daga 1999, amma Japan ce ta fi daɗewa tana yin sa a matsayin sana'a. Kamfanin Spread ya buɗe masana'antar latas a Kameoka kusa da Kyoto a 2007, yana cire sama da kai 20,000 a rana. A Dubai, gonar Bustanica da aka buɗe a 2022 da jarin dala miliyan 40 an gina ta ne don ta ba da sama da kilo miliyan 1 na ganye a shekara, ciki har da na abincin fasinjojin jiragen Emirates. Wannan fasaha ce da ta tabbata. Mutum zai iya shiga kanti ya sayi abin da ta noma.

Inda gizo ke saƙar shi ne wuta. Rana kyauta take haskaka gonar fili, a gonar bene kuwa kowane ɗigon haske da kuɗi ake sayensa, sannan a sake biyan kuɗin fitar da zafin da fitilun suka haifar. Gona mai tsari sosai tana cin wajen yunit 10 na wuta kafin ta ba da kilo ɗaya na latas, da yawa kuma suna cin fiye da haka. Kilo ɗaya na latas kalori 150 ne kacal (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), tunda kusan duk ruwa ne. Babban mutum yana buƙatar sama da kalori 2,000 a yini. Ke nan da za a ce latas zai riƙe shi, sai ya ci kilo 14, wato wutar yunit 140 a rana ɗaya. Idan aka raba wutar da Nijeriya ke sha a kan yawan jama'arta, kowane mutum bai samun yunit 200 a shekara guda. Masara kuwa kilo ɗaya nata ya haura kalori 3,500, kuma rana ce ta dafa ta a banza.

Ko a lissafin ɗan kasuwa abin bai fita ba. Tun Afrilun 2024 masu layin Band A a Nijeriya, wato layin da ya fi samun wuta, suke biyan sama da naira 200 kan kowane yunit. Kilo ɗaya na latas ya ci sama da naira 2,000 ke nan a wuta kaɗai, ba a zo kan gini, fitilu, iri, taki da albashi ba, ba a kuma sa kuɗin dizal na sa'o'in da aka ɗauke wuta ba. Mai lambu a bakin fadama zai kawo nasa kasuwa a ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Wani zai ce a sa sola. Farantin sola yana kama wajen kashi ɗaya cikin biyar na hasken da ya sauka a kansa, fitila kuma ta mayar da wajen rabin wutar zuwa haske. An yi asara sau biyu kafin hasken ya koma kan ganye. Sakamakon shi ne filin da za a shimfiɗa farantan ya ninka filin shukar da ke cikin ginin, wato ƙasar da aka ce an tsimi ta dawo ta bayan gida. A ƙasar da rana ke dukan ƙasa wata goma sha biyu, a rufe ta a waje sannan a saye ta ta waya abu ne da hankali ba ya ɗauka.

An gwada tambayar a kan hatsi. A 2020 wasu masana ƙarƙashin Senthold Asseng sun lissafa cewa alkama a gini mai hawa goma za ta iya ba da tan 700 ko fiye a hekta a shekara, alhali matsakaicin abin da gonar fili ke bayarwa a duniya tan 3 ne da ɗoriya. Adadi ne mai ban mamaki, amma su da kansu suka ce kuɗin wuta ya hana wannan alkama yin gogayya da ta kasuwa. Alkama, shinkafa da masara su ne ke ba ɗan Adam wajen rabin ƙarfin da yake samu daga tsirrai, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ake nomawa don sayarwa a gonar bene. Gero, dawa, wake da rogo ma haka. Abin da ke fita daga can ganye ne, da kayan ƙamshi, da ɗan sitirobari mai tsada, irin na kamfanin Oishii da ya fara sayar da ƙwaya takwas a dala 50 a Amurka.

Da farashin wuta ya tashi a Turai bayan fara yaƙin Yukiren a 2022, kuɗin ruwa kuma ya hau a bankuna, sai kamfanonin suka fara zubewa. Infarm na Jamus ya sallami fiye da rabin ma'aikatansa a ƙarshen 2022 kafin ya durƙushe. AeroFarms ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a Yunin 2023. Bowery, wanda aka taɓa yi wa kuɗi dala biliyan 2.3, ya rufe a Nuwamban 2024. Plenty, da ya tara kusan dala biliyan 1 daga manyan attajirai, ya shiga kotun karyewar jari a Maris ɗin 2025. Shukarsu ba ta mutu ba, latas ɗinsu yana da kyau. Sun sayi kayan aiki da farashin kamfanin kwamfuta, suna sayar da ganye da farashin ganye.

Naman tanki

A watan Agustan 2013 Farfesa Mark Post na Jami'ar Maastricht a Holan ya kai wani ɗan curin naman sa Landan, aka soya a gaban 'yan jarida aka ɗanɗana. Ya ci wajen yuro 250,000, kuma Sergey Brin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Google, shi ya biya. Yadda ake yi a taƙaice: a ɗebi ƙwayoyin halitta daga jikin dabba ko daga ƙwai, a sa su cikin ruwa mai ɗumin jiki da ke ɗauke da sukari, amino asid (tubalan da ake gina tsoka da su), gishiri, bitamin da sinadaran da ke sa su hayayyafa, a bar su su yi ta rabuwa har su cika tanki, sannan a tace.

Dalilin da ya sa mutane masu hankali suka zuba kuɗi a kai ba wasa ba ne. Duniya tana samar da sama da tan miliyan 350 na nama a shekara, kiwo ya cinye mafi yawan filin da ɗan Adam ke amfani da shi don abinci, kuma Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora masa sama da kashi ɗaya cikin goma na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Jama'a na ƙaruwa, kuma duk wanda ya samu ɗan hali nama yake ƙarawa a tukunya. Furotin, sinadarin gina jiki da ke cikin nama, ba kamar latas ba, abu ne da rashinsa ke tsumburar da yaro. Ta wannan fuska naman tanki ya fi gonar bene dacewa da matsalar.

Singafo ce ta fara ba da izinin sayar da shi a Disambar 2020, ga kazar kamfanin Eat Just. Amurka ta bi a Yunin 2023 da kamfanoni biyu, Upside Foods da GOOD Meat, Isra'ila kuma ta amince da naman sa na Aleph Farms a Janairun 2024. A Afirka, wani kamfani a Cape Town mai suna Mzansi Meat ya nuna nasa samfurin a 2022. Izini dai an samu. Nama ne ba a samu ba. A Amurka gidajen abinci biyu ne suka fara sayar da shi, ɗan kaɗan ga mutum ƙalilan, kuma cikin 'yan watanni duka biyun suka daina. A Singafo, da aka kai shi kantin Huber's a 2024 don kowa ya saya ya kai gida, ledar gram 120 ce a kan dala 7.20 ta ƙasar, kuma naman tanki kashi 3 ne cikin 100 na abin da ke ciki. Sauran furotin ɗin tsirrai ne.

Me ya hana? Ƙwayar halittar dabba ba a halicce ta don ta rayu ita kaɗai ba. A jikin saniya akwai jini da ke kai mata abinci da iska, akwai ƙoda da hanta da ke kwashe dattinta, akwai garkuwar jiki da ke kashe cuta. A tanki duk wannan sai injiniya ya yi shi da bututu da famfo. Ƙwayar tana ɗaukar wajen kwana guda kafin ta rabu biyu, bakteriya kuwa cikin rabin sa'a ta ninka. Idan guda ɗaya ta kutsa ta wani ɗan gefen murfi, kafin gari ya waye ta mamaye ruwan, sai a zubar da tankin gaba ɗaya a wanke da tururi a sake daga farko. Idan aka juya ruwan da ƙarfi don iska ta ratsa, ƙwayoyin su fashe, tunda ba su da ɓawo irin na yis. Idan aka juya a hankali, na ƙasa su shaƙe. Dattin da suke fitarwa da kansa yana tsayar da girmansu tun tankin bai yi kauri ba.

Kamfanonin magunguna sun daɗe suna rainon irin waɗannan ƙwayoyi, amma manyan tankunansu ba su cika wuce lita 20,000 zuwa 25,000 ba, kuma abin da suke fitarwa ana sayar da shi ne gram-gram da tsadar gaske. GOOD Meat ya sanar a 2022 cewa zai gina tankuna goma masu lita 250,000 kowanne. Ba a gina su ba, maganar ta ƙare a kotu tsakaninsa da kamfanin da zai ƙera. Wani injiniya, David Humbird, ya yi dogon lissafi a 2021 ya nuna cewa ko an gina babbar masana'anta, farashin kilo zai zauna sama da na naman kasuwa da nisa. Masu jari sun ji. Kuɗin da aka zuba a harkar ya haura dala biliyan 1 a 2021, a 2023 kuwa bai kai miliyan 250 ba. Ga kuma siyasa: Italiya ta haramta shi a Nuwamban 2023, jihohin Florida da Alabama suka bi a 2024.

Sannan ba daga iska ake yin sa ba. Sukarin da ƙwayoyin ke sha daga masara ko rake yake, amino asid ɗin ma asalinsa gona. Ƙasar da ba ta da hatsi ba za ta tsira da tanki ba, sai dai ta koma shigo da buhunan sinadari maimakon shigo da kaji. Amfaninsa ga muhalli kuma ya rataya a kan irin wutar da aka yi aiki da ita. Masana a Oxford sun nuna a 2019 cewa idan da gawayi da gas ake kunna masana'antar, ba lallai ne ya fi kiwon shanu sauƙi ga yanayi ba idan tafiya ta yi nisa.

Akwai tambayar da Musulmi zai fara yi kafin ya tambayi farashi. Hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya nuna cewa abin da aka yanko daga dabba tana raye mushe ne, alhali babban abin da kamfanonin suka fara tallatawa shi ne cewa ba a yanka komai ba. A farkon harkar ma ruwan rainon yana ɗauke da ruwan jinin ɗan tayin saniya, ko da yake kamfanoni da dama sun sauya shi. A 2023 malamai uku daga Saudiyya suka ba GOOD Meat amsa cewa zai iya halatta idan ƙwayoyin daga dabbar da ake ci ne, aka yanka ta bisa shari'a, kuma ruwan rainon ba shi da jini ko wani haramtaccen abu. Kamfanin ya amsa cewa kazar da yake sayarwa a lokacin ba ta cika sharuɗɗan ba. Majalisar addinin Musulunci ta Singafo ta fitar da tata fatawar a Fabrairun 2024, ita ma da sharuɗɗa. Ƙofa a buɗe take, amma kowane samfuri sai an bi asalinsa.

Ko an warware wannan, dabba a wajenmu ba tsoka ce kaɗai ba. Saniya tana ba da nono, taki, fata, ganda da kayan ciki, sa yana jan garma, akuya ita ce asusun matar karkara ranar da yaro ya kwanta ciwo. Layya da suna sai da abin yankawa mai rai. Kuma dabbobin Sahel ciyawar da mutum ba ya ci suke mayarwa nama, a ƙasar da ba ta nomuwa. Abin da tanki ke bayarwa yanzu niƙaƙƙen abu ne mai laushi. Tsokar da mahauci zai feɗe ya shanya kilishi, ko ya tsire, tana buƙatar zare da kitse da jijiya a jere, kuma wannan shi ne mafi wuyar abin da masu binciken ke fama da shi.

Abin da Singafo ta samu

A 2019 ƙasar ta ɗauki alkawarin noma kashi 30 cikin 100 na abincinta nan da 2030, ta kuma zuba tallafi. Bayan shekara biyar, ganyen da ake nomawa a gida ya tsaya wajen kashi 3 cikin 100 na wanda ake ci, gonaki da dama sun rufe saboda tsadar wuta da ma'aikata, kuma masu saye sun ci gaba da ɗaukar na Malesiya da Sin mai araha. Naman tanki bai kai a sa shi a lissafi ba. Abin da ya ci nasara shi ne ƙwai: manyan gidajen kaji uku suna ba da wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙwan da ake ci. A ƙarshen 2025 gwamnati ta ajiye wancan buri ta sa wani mai sauƙi zuwa 2035.

Rikicin kajin 2022 kuwa, da daskararrun kaji daga Brazil aka tare shi, da kuma buɗe wa Indonesiya ƙofa cikin 'yan makonni. Singafo tana sayen abinci daga ƙasashe sama da 180, kuma doka ta tilasta wa masu shigo da shinkafa su ajiye ta wata biyu a rumbu. Ajiya da yawan hanyoyin saye su suka yi aikin ranar da aka shiga uku.

To wanne za a ɗauka?

Ya danganta da wanda ke tambaya. Ƙasa irin Singafo ko Hadaddiyar Daular Larabawa, mai kuɗi da wuta amma ba ƙasa ba ruwa, tana da hujjar riƙe gonar bene kaɗan, don ganye ba ya jure doguwar tafiya, tana kuma da hujjar ci gaba da biyan kuɗin binciken naman tanki. Bincike ne mai daraja, kuma ina fatan ya yi nasara. Amma wurinsa kasafin bincike ne, ba kasafin ciyar da jama'a ba.

Ga Kano, Katsina, Maraɗi ko Damagaram, inda ƙasa da rana suke a wadace, wuta da jari kuma su ne ƙamfa, naman tanki ba ya cikin zaɓi yanzu ko kaɗan. Daga gonar bene kuwa a ɗauki iliminta a bar gininta. Tsakanin gonar fili da ginin da ba taga akwai rumfar leda da ta raga, wadda ke amfani da rana kyauta amma tana tsare shuka daga ruwan sama mai duka da ƙwari, ana ba ta ruwa da taki ɗigo-ɗigo a gindi. Wannan ce ta ciyar da Turai da kayan miya: Almeriya a kudancin Sifaniya, busasshiyar ƙasa, tana da sama da hekta 30,000 ƙarƙashin leda, gidajen gilashin Holan kuma suna cire sama da kilo 50 na tumatir a murabba'in mita ɗaya. Ko a Singafo, gonar Sky Greens da aka buɗe a 2012 an tsara ta ne ta yi aiki da hasken rana, kantocinta suna juyawa a hankali a kan hasumiya mai mita 9 don kowane faranti ya samu rabonsa.

Duk wanda ya san harkar tumatir ya san inda rumfa za ta yi amfani. Daga Janairu zuwa Maris kwanduna sun cika Kwanar Gafan har manomin Kura da Kadawa ya rasa mai saye, yana kallon na ƙasan kwando yana tsiyaya tun mota ba ta ɗauki hanyar Legas ba. Da damina ta kankama kuma sai tumatir ya gagari talaka, mata su koma na gwangwani da kauɗa. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Rumfa mai raga tana rage wa wannan tsutsa hanya, tana kuma ba da girbi a watannin tsada. Sai dai a kula: ledar da aka ƙera don sanyin Turai, idan aka kafa ta a Kano a watan Afrilu tanda ce, kuma tumatir yana zubar da fure idan zafi ya haura digiri 35. Ana buƙatar rufi mai tsawo da mafitar iska a sama, gefe na raga, da inuwa a bazara. Jos da Mambila sun fi sauƙi. Kuma wanda bai da tabbataccen ruwa da tabbataccen mai saye, otal ko babban kanti ko dillali mai alkawari, kada ya kafa ko da ƙarfe ɗaya.

Wurin da na fi ganin fasahar cikin gini ta taɓa abincin talaka kai-tsaye shi ne iri. Cibiyar IITA da ke Ibadan tana ninka irin rogo mai tsabta a cikin ɗaki, a ƙananan robobi jere kan kantoci ƙarƙashin fitila, tana kuma samar da irin doya da saiwoyinsa ke rataye a iska ana fesa musu ruwan taki. Ana yin irin wannan da dankalin Turawa a Kenya. A nan lissafin wuta ya juya, domin ɗan tsiron makonni kaɗan yake yi a ɗaki, sauran girmansa a gona rana za ta yi, kuma tsiro ɗaya marar cuta zai haifi dubbai. Haka dashen tumatir da tattasai: irin zamani da ake sayarwa da ƙirge, idan aka watsa shi a fangali rabi ya tafi ga tsuntsu da ruɓa, amma a farantin raino cikin raga kusan kowace ƙwaya sai ta tashi. Matashi mai ɗan jari zai iya rayuwa da sayar wa manoman rani dashe kaɗai.

Ta ɓangaren furotin, kuɗin da za a kashe a tanki ɗaya zai yi wa garke dubu rigakafi, ya kafa gidajen kaji masu ƙwai da tafkunan tarwaɗa, ya kai injin sarrafa waken suya ga masu awara. Ɗakin sanyi mai sola a bakin kasuwa, irin wanda kamfanin ColdHubs ya fara kafawa daga Owerri, yana ceton abincin da an riga an noma shi, kuma wutar da zai ci ba ta kama ƙafar ta fitilun gonar bene ba.

Idan wani ya kawo maka takardar gonar bene, tambaye shi yunit nawa na wuta kilo ɗaya ke ci, wa ya sa hannu zai saya, kuma sa'a nawa shukar za ta jure idan inji ya tsaya da tsakar rana. Idan naman tanki ne, tambaye shi tan nawa ya sayar bara, da kashi nawa na abin da ke cikin ledar ya fito daga tanki. Ɗalibi kuwa zai fi cin riba da karatun da ke aiki a ɓangarorin biyu: rainon tsiro da ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji, sarrafa ruwa da taki, injiniyancin sanyi da wutar sola. Wanda ya iya tsabtace tanki da hana cuta shiga cikinsa zai samu aiki a masana'antar rigakafin dabbobi irin ta Vom, ko a kamfanin madara da na yis, ko naman tanki ya zo da wuri ko ya makara.